Motar Cikin Kwali da Motar Kara: Gardamar Tara Ƙananan Motoci a Ƙasar Gobir

Kowace shekara kamfanin Mattel na Amurka yana fitar da sabon jerin ƙananan motocinsa na Hot Wheels, wanda a 'yan shekarun nan yake kai mota 250, kowace da lambarta a jikin kwali. A Japan kuwa, kamfanin Tomy ya keɓe Asabar ta uku a kowane wata don sakin sabbin motocin Tomica. Waɗanda ke sammako zuwa kantuna a irin waɗannan ranaku, da yawansu magidanta ne, wasu har da furfura, suna tona kaya suna neman wadda ba su da ita. In sun saya ba sa buɗewa. Jerawa suke yi a bango ko a kabet ɗin gilashi, su zauna jiran fitowa ta gaba.

Ta hanya biyu labarin wannan ɗabi'a ya iso Sabon Birni da Isa, a ƙasar Gobir. Ta farko wayar hannu ce, inda matasa ke kallon masu tarin suna baje kolinsu a TikTok da YouTube. Ta biyu tsaraba ce, daga 'yan ƙasa da aiki ko fatauci ya kai Sakkwato, Kano, Abuja ko ƙetare. Masu tarin kansu ba su da yawa a ƙasar Hausa, amma gardamar da suka haddasa ta fi su yawa nesa ba kusa ba, don ta taɓa kuɗi, ta taɓa tarbiyya, ta kuma taɓa addini. Yaro ya ga mota a ɗakin kawunsa, ya miƙa hannu, aka ce masa "Kul, wannan ba ta wasa ba ce." Da maganar ta kai majalisa, sai aka rabu gida biyu.

Kafin a shiga hujjoji, ya kamata a san abin da ake magana a kai, don ba motar roba ta 'yan koli ba ce, irin wadda ake saya ranar Sallah tare da tabarau da agogon wasa, kafin hawan bariki ta rasa taya. Waɗannan na zubi ne: ana narka tutiya haɗe da ɗan alminiyum da wasu ƙarafa, a zuba a mazubi, a fito da ainihin fasalin wata mota da ke yawo a titi. Awo ne ke bambanta su. Mai lamba 1:64 na nufin motar gaske ta ninka ta sau 64 a tsawo, shi ya sa ba ta wuce ɗan yatsa. Fijo 504, wadda tsawonta ya kusa mita huɗu da rabi, takan dawo santimita 10 da ɗoriya a awon 1:43, a 1:18 kuma kusan santimita 25, ƙofofi na buɗewa, sitiyari na juyawa. Sana'ar ta tsufa. Dinky ta fara a Ingila a 1934, Matchbox ta biyo a 1953, bayan wani injiniya mai suna Jack Odell ya ƙera wa 'yarsa abin wasa da zai shiga kwalin ashana, don shi kaɗai makaranta ta yarda a zo da shi. Hot Wheels ta fito a 1968 da mota 16, kuma kafin ta cika shekara 50 an ƙera fiye da biliyan 6.

Abin da masu goyon baya ke cewa

Hujjarsu ta farko ba daga Turai suka aro ta ba, daga ɗakin amarya suka ɗauko ta. Suna tambaya: jere fa? Iyaye mata sun shekara aru-aru suna tara kayan da ba a cin abinci a ciki, daga ƙoren da aka yi wa zane zuwa tasoshin tagulla, daga nan zuwa kwalla da langa da samira, yau kuma tangaran da kuloli. Ana jera su har rufin ɗaki, ana goge su, ana sanin wane yayi ne ya fito bana, wane ne ya wuce. Yaron da ya taɓa ya sha rankwashi. Ba wanda ya taɓa kiran wannan hauka. Haka mai kiwon tantabaru da ke iya tafiya wata kasuwa don jin an kawo wani launi da ba shi da shi, haka mai doki da ke ciyar da dabbar da ba ta noma ba ta dako. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, in ji su, kuma nasu kiwon ko dusa ba ya ci.

Ta fuskar addini ma suna ganin ƙafarsu a tsaye take. Saɓanin malamai a kan mutum-mutumi ya shafi siffar abu mai rai ne, mota kuwa ba ta da rai. Ba caca ba ce, ba maye ba ce, ba ta fitar da mutum yawon dare. Matashin da zai iya kashe kuɗinsa a shagon cacar ƙwallo, in ya kashe su a kan ƙarfen da zai ajiye a ɗaki, a ganinsu ya yi zaɓin da ya fi.

Sai hujjar da suka fi ji da ita, wato tarihi. Kamfanin Fijo na Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, kuma 504 ta ci gaba da fitowa daga can shekaru da dama bayan Faransa ta daina yin ta. Ita ce motar gwamna, motar alƙali, motar tasha. Yau sai an sha wuya a ga mai lafiya a kan hanyar Goronyo zuwa Sabon Birni. Kamfanonin Faransa irin su Norev da Solido sun ƙera ƙanananta, kuma wanda ya ajiye ɗaya zai iya ɗora ta a tafin jikansa ya ce, "Ka ga irin wadda ta kai kakarka ɗakin miji." Suna ƙarawa da cewa ƙasar da birninta na Alkalawa ya faɗi a 1808, har ya zama sai kufai da kaburburan sarakuna, ita ta fi kowa sanin illar rashin ajiya. Abin da ake gani a cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, ai wasu ne suka ƙi yarwa lokacin da ake musu kallon masu tara tarkace.

Abin da masu suka ke mayarwa

Amsarsu a taƙaice take: ana ta kai, wa ke ta kaya? A ƙididdigar talauci ta fuskoki da dama da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022, Sakkwato ce kan gaba a duk Najeriya, da kusan kashi 91 cikin 100. Gabashin jihar kuma shi ya fi jin jiki. A Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, har da Isa da Sabon Birni, saboda 'yan bindiga. Ƙauyuka sun watse, wasu mutanen sun tare a makarantu da kangaye a cikin gari, wasu dubbai sun tsallaka yankin Maraɗi. Ana biyan harajin noma, ana haɗa kuɗin fansa gida-gida. A irin wannan hali, in ji su, mutum ya turo hoton sabuwar motar wasa da ya saya a zauren WhatsApp na dangi, ko bai yi haram ba, ya yi rashin ta-ido.

Sun kuma yi lissafi. Hot Wheels ta gama-gari ba ta wuce dala ɗaya da 'yan kai a Amurka, gaskiya ne. Amma tun da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024, ga kuɗin jirgi, ga ribar mai kanti. Kuma mai tari ba ya tsayawa a ɗaya. Tarin ne ba ya yarda. Manyan na awon 1:18 daga kamfani irin AUTOart sukan kai dala 200 ko fiye, wato albashin wata huɗu na ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Suna tuna wa jama'a cewa Suratul Isra'i ta yi kakkausan gargaɗi a kan almubazzaranci, kuma gargaɗin ya zo ne daf da umarnin ba ɗan'uwa da miskini haƙƙinsu.

Batun jere ma ba su bar shi ba. Kwallar amarya, in ji su, in biki ya tashi ana sauke ta a zuba tuwo, in ta mutu 'ya'ya su gada su yi amfani da ita. Motar da ke liƙe a kwali fa, wa za ta yi wa rana?

Abin da ya fi ba su haushi shi ne yadda ake ƙirƙirar ƙarancin da gangan. Tun 1995 Mattel ta shigo da wasu motoci da take kira Treasure Hunt, tana cusa su jefi-jefi a cikin katan mai mota 72, wasu da tayar roba ta gaske da fenti na musamman, don mai nema ya yi ta zarya kanti. Mota ɗaya za a sake mata launi sau uku a kira ta sabuwa. Masu suka na ganin wannan ba sha'awa ba ce da ta tsiro a zuciyar mutum, tarko ne da wasu suka zauna a ofis suka ɗana, kuma ya kama: a 2024 kamfanin binciken kasuwa na Circana ya ba da rahoton cewa a Amurka manya masu saya wa kansu kayan wasa sun zarce kowane rukunin yara wajen kashe kuɗi.

Shin ajiya ce?

A nan masu goyon baya suka kawo wata magana da ta sa majalisa yin shiru. Asusun Bagobiri tun kaka da kakanni dabba ce: sa, raƙumi, tumaki. To yau dabba ita ce abin da ake fara korawa in an shigo gari, har ma takan jawo wa mai ita a zo. Dukiyar da za ta shiga jaka, wadda ɓarawo bai san darajarta ba, ba abin rainawa ba ce. Suna kafa hujja da wata ƙaramar bas ta Volkswagen mai ruwan hoda da Hot Wheels ta yi gwajinta a 1969 ba ta kai kasuwa ba, wadda ke hannun wani Ba'amurke mai suna Bruce Pascal, ana kuma ƙiyasta ta a sama da dala 100,000.

Wannan hujja tana da daɗin ji, amma ita ce mafi rauni a cikin duk abin da suka kawo, kuma masu suka ba su sha wahalar rusa ta ba. Rago, ko a tsakar dare matsala ta taso, akwai mai saye kafin gari ya waye. Ranar kasuwar Shinkafi kuwa sai dai a yi ciniki. Motar kwali wa zai taya ta a Gatawa ko Bafarawa? Darajarta tana wurin masu tari 'yan'uwansa ne, su kuma suna Legas ko Dubai ko Amurka. Wadda ta yi tsada ɗaya ce cikin biliyoyi, ta yi tsadar ne kuwa don ba wanda ya ajiye irinta. Waɗanda ake fitarwa yau kowa na ajiyewa a kwali, saboda haka ba za su taɓa yin wuya ba. Amurkawa sun ga irin wannan da 'yan tsanan Beanie Babies, waɗanda aka yi ta rububinsu ana cewa jari ne, kasuwar ta rushe a wajajen 1999. Sauran irin waɗannan kaya, a dilar gwanjo suke ƙarewa, a zube su a tabarma a kasuwannin Kano.

Akwai ma wani ƙulli na fiƙihu da mai cewa jari yake yi ya kamata ya sani. A mazhabar Malikiyya, abin da mutum ya saya don amfanin kansa ba a fitar masa da zakka. Amma in ya saya da niyyar sayarwa, ya zama kayan fatauci, kuma mai ajiye kaya yana jiran tashin farashi zai fitar da zakka ranar da ya sayar, in kuɗin sun kai nisabi kuma shekara ta zagayo. Ba zai yiwu a gaban matarsa ya ce jari ne, a gaban malam ya ce sha'awa ce ba.

Inda gardamar ta fi zafi: yara

Masu goyon baya na cewa yaron da ya riƙe mota mai cikakken awo yana koyon abin da allo ba zai koya masa ba: daidaito, tsari, yadda ƙofa ke zama a mazauninta. Suna ambaton Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya yi karatu a kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi, ya wuce Detroit, ya zana fasalin motar lantarki ta Chevrolet Volt da kamfanin General Motors ya nuna wa duniya a 2007, daga baya a 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar tsara ƙirar motoci ta Najeriya. Irin wannan ido, in ji su, sai da ganin abu mai kyau yake buɗewa.

Masu suka suka ce a'a, Jelani nasu ne, don da fensir da takarda ya fara, wato da hannunsa. Daga nan sai su ja mai sauraro zuwa bayan gari da kaka, bayan an girbe dawa. Yaro zai zaɓi busasshen kara mai kauri, ya sa haƙori ko tsohuwar reza ya ɓare bayansa siri-siri, ya fito da totuwa fara mai laushi. Totuwar ita ce katako, ɓawon shi ne ƙusa. Ya yanka, ya soke, ya haɗa shasi, ya tayar da kai, ya kafa bodi mai tsani a baya. Taya daga tsohon silifa ake yanko ta ko daga sakaina, a goga a dutse har ta yi zagaye. In gwani ne, gaban motar zai rabu da bayanta don ta iya shan kwana, ya sa dogon kara ya zama sitiyari, ya ɗaura ƙullin yashi a leda a matsayin buhunan albasa. Ƙanensa shi ne yaron mota, baki shi ne inji, har da canjin giya a hawa. Wanda ya girma kaɗan sai ya koma gwangwanin madara da wayar ƙarfe da robar tsohon tub, ya yi motar langalanga mai sifirin da ke lotsawa in an yi mata lodi.

Wannan yaro, in ji su, ya yi awo, ya yi gwaji, ya ga taya ta karkace ya gano dalili. Ranar da aka miƙa masa ta ƙarfe mai walƙiya, tasa ta zama abin kunya, ya tashi daga maƙeri ya koma mai roƙon a saya masa. Suna nuni da Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero da ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen mota da babur a Kano a 2007, su ce irinsa daga bola suke fitowa, ba daga kanti ba. Suna kuma da tsoron fenti. A Agustan 2007 Mattel da kanta ta janye ƙananan motoci sama da 400,000 da aka yi a Sin saboda dalma a fentinsu. In babban kamfani ya yi haka, ina ga marasa suna da ke shigowa ba mai dubawa? Mutanen da ke maƙwabtaka da Zamfara, inda gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara aƙalla 400 a yankunan Anka da Bukkuyum a 2010, ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani.

Martanin masu goyon baya a nan yana da nauyi. Sun ce masu yabon motar kara galibi manya ne da suka bar ƙauye, suna tuna yarinta daga cikin mota mai sanyi, kuma 'ya'yansu ba sa wasa da gwangwani mai tsatsa. Reza na yanka yatsa, langalanga na tsaga ƙafa, asibiti kuma ya yi nisa. Bayan haka, ba motar kanti ce ta raba yara da kara ba. A garuruwa da yawa gonar ce ta gagara zuwa, uwa kuma ba za ta bar ɗanta ya yi nisa da gida don neman kara ba. Wanda ya rage a gida, wayar yayansa ta ɗauke masa hankali.

Da aka tace

In aka zuba hujjojin a faifai, wasu sukan faɗi tun a bakacen farko. Maganar jari ba ta tsaya ba, aƙalla ba a Isa ba. Maganar haramci ma ba ta tsaya ba; abin da ya rage shi ne gwargwado, shi kuwa gwargwado ya danganta da aljihun mutum da halin waɗanda ke rataye a wuyansa. Ɗan kasuwar da ya sauke nauyin iyali, ya taimaki dangin da suka yi gudun hijira, sannan ya sayi 'yar Fijo don tunawa da mahaifinsa direba, da wuya a same shi da laifi. Wanda ke bin kowace fitowa alhali ana bin sa kuɗin makaranta, shi ma hukuncinsa ba ya buƙatar muhawara. Mafi yawan mutane a tsakani suke, kuma a nan ne kowane ɓangare ke da abin riƙewa.

Akwai dai abu ɗaya da ɓangarorin biyu suka tsallake. Kamfanonin nan suna ƙera Ferrari da Lamborghini da motocin tsere, jefi-jefi da Hilux ko Land Cruiser. Ba su ƙera kanta mai bodin katako da ta ɗauko mutum da buhu da akuya daga Kurawa, ko Golf da aka cusa wa fasinja har but, ko gingimari mai rubutu a goshi. Mai fitar da waɗannan, kuma da zarar sabuwar mota ta fara bin hanya ya kwaikwaye ta kafin mako ya zagayo, shi ne yaron da ke zaune da totuwa. In hujjar masu tari ita ce adana tarihi, to tarihin hanyar Isa yana hannunsa. Sai dai aikinsa ba ya kwana biyu: gara ta ci, akuya ta tauna, ko damina ta jiƙa.

Masu tattara kayan fasaha a Turai sun daɗe suna sayen motocin waya na Malawi da Afirka ta Kudu, da na gwangwani daga Madagaska, har wasu manya a waɗannan ƙasashe sun mayar da ƙirar sana'a. Mai kabet ɗin gilashi a Sakkwato zai iya ware kanta ɗaya ya sayi ta kara a kan kuɗin da yake sayen ta kwali. Wasu masu sukar za su yi na'am da haka. Wasu kuwa tuni sun fara cewa ranar da kuɗi ya shiga, yaro zai bar makaranta ya koma ƙera abin da mai saye ke so, ba abin da ya gani a hanya ba, kuma har yanzu masu goyon baya ba su kawo amsar da ta gamsar da su ba.